Delbert Vogel, Mutumin da Bai Yanke Shawara Ba

An haifi Delbert Vogel a shekarar 1950, a wata gonar masara da aladu mil huɗu daga garin Pruitt na jihar Iowa. Tun yana ƙarami ya tsani warin alade, ya tsani tashin asuba, ya tsani duk wani aiki da ake yi a sunkuye. Mahaifinsa ya rasu ranar Talata, aka binne shi ranar Juma'a, kafin wata ya zagayo Delbert ya sayar wa maƙwabci gonar da aladunta da taraktarta. Abin da ya riƙe na gado shi ne hular hana-sallar tsohon, koriya, mai tambarin wani kamfanin irin masara.

Da aka zo ɗibar samari zuwa yaƙin Vietnam, likitan soja ya ɗaga ƙafarsa ya duba tafin, ya ce a shimfiɗe yake kamar faranti, ya sallame shi. 'Yan ajinsu uku suka tafi, biyu suka dawo. Bayan shekaru, in hira ta gangara kan yaƙin, sai Delbert ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan zamanin ba na son tuna shi." Baƙi su yi tsit don girmamawa, wani ma ya dafa masa kafaɗa. Ƙarya dai bai yi ba.

Aikinsa na gaskiya a masana'antar injin wanki yake, can bayan layin dogo, inda ya shekara talatin da shida yana ɗaura wa injina ƙofa. A tsakanin nan ya auri Doreen, malamar 'yan aji uku a firamaren gari, mace marar yawan magana, wadda in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifuffukanka. Duk ranar zaɓe ita ce ke zama a teburin farko a zauren makaranta, littafin sunaye a gabanta, tun safe har a rufe ƙofa.

Sa'ar Delbert ta zo ne a hunturun 1988. Kamar kowace shekara huɗu, masu neman shugabancin ƙasa sun cika Iowa, tunda a nan ake fara fidda gwani, 'yan jarida na biye da su ɗuu. Wani ɗan jarida daga New York, hanci ya yi ja don sanyi, takalmi ya jiƙe sharkaf, ya faɗo gidan abincin Arlene yana neman talakan Amurka na ainihi. An gaya masa a irin waɗannan wurare ake samunsu, da safe, a gaban kofi. Ya fara da Gus Ohlendorf, manomi na gaske, mai hannu kamar kututture.

"Wa za ka zaɓa bana, yallaɓai?"

"Jam'iyyar giwa," in ji Gus, ko ɗagowa bai yi ba. "Ubana giwa, kakana giwa. Ko kare suka tsayar, shi zan ba."

Ɗan jaridar ya rufe littafinsa, don wannan ba labari ba ne. Ya juyo ga Delbert, wanda ke zaune bakin taga da hular tsohonsa a ka, baki cike da fanke. Delbert ya tauna, ya haɗiye. Ko sunayen 'yan takarar bai gama sani ba.

"To... ni dai ban yanke shawara ba tukuna."

Mutumin ya ja kujera ya zauna kamar wanda ya tsinci zinariya. Ranar Lahadi sai ga hoton Delbert a shafin farko, ya zuba wa taga ido, dusar ƙanƙara na sauka a waje, a ƙasa an rubuta cewa makomar ƙasa tana hannun manoma masu zurfin tunani irin wannan. Abin da yake kallo ta tagar kuwa motarsa ce, da ya ajiye a inda aka hana ajiyewa.

Arlene ta yanke hoton ta rataye shi saman injin kofi. Gus ya tsaya a gabansa ya daɗe yana kallo.

"Manomi! Kai da ko wake a gwangwani ba ka taɓa shukawa ba."

"Ni na ce musu manomi ne ni? Hula suka gani."

"To cire ta mana."

Bai cire ba. Sai ma ya je shagon kayan gona ya sayo wandon aiki mai maratayi, ya sa Doreen ta wanke shi sau shida don ya koɗe.

Daga nan fa Delbert ya sami sana'a ta biyu, wadda ake girbinta bayan kowace shekara huɗu. Sunansa ya shiga littattafan 'yan jarida, wannan ya ba wancan, wancan ya ba ƙanensa. Ya ƙware. Ya san kafin ya amsa tambaya sai ya juya cokali a kofi sau uku, ya ja numfashi, ya kalli nesa. Ya haddace 'yan jimloli da ba sa tsufa: Washington ta manta da mu, dukkansu bakinsu ɗaya, ni sai na kalli mutum ido cikin ido. Abu guda ne bai taɓa yi ba, wato faɗin wanda zai zaɓa, don ya lura duk wanda ya faɗa, a nan kyamara ke juya masa baya.

'Yan takara su ma suka koyi hanyar teburinsa. Sanatoci da gwamnoni, na jam'iyyar giwa da na jam'iyyar jaki, su tuɓe kwat a mota, su naɗe hannun riga, su zauna gabansa da ƙarfe tara na safe suna tura soyayyen naman alade a ciki suna murmushin dole. Wani gwamna daga kudu ya taɓa tambayarsa nawa ake sayar da masara bana. Delbert bai sani ba. Sai ya cire hula ya ɗora a ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, kar ka tayar mini da ciwo." Gwamnan ya kama hannunsa da hannu bibbiyu, idonsa ya kawo ruwa, ya yi rantsuwa ba zai manta da manoma ba. A tebur na baya Gus ya ƙware da kofi har sai da Arlene ta bubbuga masa baya.

A 2006 aka kwashe masana'antar injin wanki aka kai Mexico. Wannan kam ba wasa ba ne. Mutum ɗari tara suka wayi gari ba aiki, gidaje suka mutu, wasu samari suka faɗa shan ƙwayoyi, aka binne uku a shekara guda. Delbert ya tsira da fansho da ƙyar. Da tsufa ya zo, gwamnati ta riƙa aiko masa da kuɗin tsofaffi duk wata, ita ce kuma ta biya aka canza masa ƙashin ƙugu. Yana sauka daga gadon asibiti ya dogara sanda ya je gaban kyamara ya ce abin da talaka ke nema ɗaya ne, gwamnati ta cire hannunta daga rayuwar mutane.

Abin da ya hana Pruitt zama kufai shi ne babbar mayankar aladu da aka buɗe a arewacin gari. 'Yan asalin gari suka gwada aikin mako biyu suka gudu. Sai mutanen Guatemala da Mexico suka zo suka tsaya a sanyin nan awa goma suna yanka. Suka sayi gidajen da aka bari, suka cika azuzuwan Doreen da 'ya'ya, suka buɗe gidan burodi da gidan abinci a tsallaken titi, daidai gaban na Arlene. Rabin gari ke karyawa a can. Amma a iya sanin kowa, ba ɗan jaridar da ya taɓa tsallaka titin nan neman talakan Amurka na ainihi.

Ɗaya daga cikinsu, Efrain Tzul, shi ya sayi gidan da ke jikin na Delbert. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ya daɗe da zama ɗan ƙasa, da rantsuwarsa da takardarsa. Tun da aka yi wa Delbert aikin ƙugu, duk ranar da ƙanƙara ta rufe hanya, Efrain ne ke kwashe ta daga ƙofar gidan kafin ya tafi mayanka. Delbert yana yaba shi ƙwarai. Frank yake kiransa, don a cewarsa sunan na ainihi yana karya harshe.

A hunturun 2016 iskar siyasa ta canza, Delbert kuwa gwanin shaƙar iska ne. Ya ga tsofaffin jimlolinsa sun daina sa 'yan jarida rubutu. Rannan da safe ya fito ta hanyar da Efrain ya share masa, Doreen ta sauke shi a gidan Arlene, aka saƙala masa makirufo a wuya, ya juya cokali sau uku.

"Baƙin nan sun cika mana gari," in ji shi. "Ko'ina ka juya yare ake yi. An ce ma har ƙuri'a suke jefawa. Ni a ganina a riƙa tambayar kati a bakin ƙofar zaɓe. Duk wanda ba shi da kati, ya koma inda ya fito."

Doreen ta gani a labaran yamma tana fere dankali. Ta ajiye wuƙar.

"Del, su waye baƙin?"

"Haba Doreen, ai ba da Frank nake ba. Frank mutumin kirki ne."

"Sunansa Efrain. Shekara tara yana gaya maka."

"Maganar talabijin ce fa. Ke ba ki san yadda harkar nan take ba."

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da fere dankalinta. Bayan kwana biyu wata 'yar jarida mai suna Paige Lindqvist ta zo har gida, tana son ɗaukar hoton manomin a ɗakin girkinsa. Delbert ya shiga ciki neman wandonsa mai maratayi. Paige ta zauna jira, ta ce wa Doreen, don dai kar a yi shiru, "Mama, lalle kina alfahari da shi. Ranar zaɓe tare kuke zuwa?"

Doreen ta kalle ta ta saman tabarau.

"'Yata, shekara talatin da biyar ina zaune a teburin zaɓen garin nan. Na ga makafi, na ga masu naƙuda, na ga wani da aka kawo a gadon asibiti. Mijina ban taɓa ganinsa ba. Ko rajista ba shi da ita. Ki sha kofinki kar ya huce."

Labarin ya fito ranar Alhamis. Gus ya sayi jaridar guda biyar, ya karanta wa jama'ar gidan Arlene da ƙarfi, yana tsayawa yana share hawayen dariya. Delbert ya kulle kansa a gida kwana uku. Ya daina yi wa Doreen magana, sai dai ya nuna gishiri da yatsa ta miƙo masa. A ransa ya gama sallamawa, asiri ya tonu, sana'a ta mutu.

Ashe bai gama sanin ƙasarsa ba. A rana ta huɗu waya ta fara ƙara, ba ta tsaya ba har yamma. Masu rashin yanke shawara sun yi yawa a kasuwa, amma mutumin da ya shekara arba'in da huɗu bai jefa ƙuri'a ba, wannan sabon kaya ne. Gidajen talabijin uku suka aiko motoci.

"Mista Vogel, me ya hana ka zaɓe duk tsawon wannan lokaci?"

Gaskiyar magana, taron fidda gwani yakan faɗo ne ranar da shi da abokansa suke karta, ranar babban zaɓe kuwa kullum yakan ce sai bayan abincin rana, bayan abincin rana kuma barci ya ɗauke shi. Delbert ya juya cokali, ya kalli nesa.

"Saboda har yau ban ga wanda ya cancanci ƙuri'ata ba."

Shi ke nan. Aka naɗa shi muryar Amurkawan da aka manta da su. Wani farfesa ya yi masa babi guda a littafi. Aka kai shi Chicago a jirgi ya zauna a kujera mai laushi ya yi bayanin yadda aka ci amanar talaka. Gus ya ce wa Arlene, "Ni na daina karanta jarida. In wannan ne muryarmu, gara mu zama bebaye."

Bayan shekara biyu wani gidan talabijin ya kawo shawara: a ɗauki Delbert yana jefa ƙuri'arsa ta farko a duniya. Delbert ya amince nan take, ya sa aka goge masa hula. A lokacin kuwa jiha ta riga ta yi dokar nuna kati a wurin zaɓe, irin wadda ya nema.

Ranar zaɓe da hantsi ya iso zauren makaranta, masu kyamara suka tsaya a bakin ƙofa suna hango ciki. Layi ya kai shi teburin farko. Doreen ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta bar teburin ba. Ta miƙa masa fom ɗin rajista ya cike, sannan ta buɗe tafin hannu.

"Kati."

Ya zaro lasin tuƙinsa ya miƙa yana yi wa kyamara murmushi. Ta juya katin, ta ɗaga shi sama, ta miƙo masa abinsa.

"Wannan ya mutu shekara biyu ke nan. Tun da idonka ya lalace nake tuƙa ka."

"Doreen," in ji shi ƙasa-ƙasa, "ni ne fa. Gado ɗaya muka kwana."

"Doka ba ta ce gado ba, kati ta ce. Kai ka nema, a talabijin, ina fere dankali."

Wata ma'aikaciyar ta ce akwai mafita: in wani mai rajista a unguwar zai sa hannu ya rantse ya san shi, ya san inda yake zaune, sai a bar shi ya yi zaɓe. Delbert ya dubi matarsa.

"Ina bakin aiki," in ji Doreen. "Na gaba!"

Ya hango Gus yana fitowa, ya riga ya ba giwa ƙuri'arsa. "Gus! Ɗan'uwa, zo ka sa mini hannu."

"In rantse kai wane ne? Manomi, ko soja? Ina da coci ranar Lahadi, Del, ba ni ba rantsuwar ƙarya." Ya wuce yana ƙyaƙyatawa.

Sai wani ya fito daga tsakiyar layi, sanye da farin takalmin roba na mayanka, ya taso daga aiki ko gida bai biya ba. Efrain ne. Ya karɓi alƙalami, ya nuna nasa katin, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya sa hannu. Sannan ya juya takardar ya tura ta gaban Delbert, ya ɗora yatsa a kan sunan.

"Maƙwabci, karanta shi da kyau. Yau shi ne katinka."

Delbert ya buɗe baki zai yi godiya, "Fra..." ta fara fitowa, ya haɗiye ta. Ya karanta sunan a hankali, harafi bayan harafi, harshensa kuwa bai karye ba. Daga bakin ƙofa mai shirya shirin ya ɗago hannu yana kira, "Malam mai farin takalmi, don Allah ɗan matsa gefe, ka tare mana haske."

A cikin rumfar jefa ƙuri'a Delbert ya ga abin da ba wanda ya taɓa gaya masa. Takardar gaba da baya ce. Bayan gwamna da ɗan majalisa, akwai alƙalai, akwai masu kula da asibitin gunduma, akwai wasu mutum biyar da ke neman kujerar kula da zaizayar ƙasa. Ya yi minti ashirin da biyar a ciki. Ya fito rigarsa ta jiƙe, aka manna masa ɗan tambarin waɗanda suka yi zaɓe a ƙirji, aka tura masa makirufo. Ko don gajiya, ko don ruɗewa, ba cokali ba kofi a hannunsa, sai ya faɗi wanda ya zaɓa, da suna, har sau biyu.

Shirin ya fito da kiɗa mai taɓa zuciya da tuta tana kaɗawa. An nuna hannun Delbert riƙe da alƙalami a kan takarda. Na Efrain kuwa gwiwar hannunsa kaɗai ta shiga hoto.

Daga ranar waya ta yi shiru. Rabin gari suka daina gaishe shi saboda wanda ya zaɓa, ɗaya rabin kuma da ma ba gaishe shi suke yi ba. Da 'yan jarida suka dawo a zagaye na gaba, suka wuce shi suka zauna da wani Tyler, dillalin inshora mai sabuwar hula da sabon gemu. Arlene da kanta ta zo ta ɗauki kofin Delbert.

"Del, ɗan koma tebur na baya kusa da Gus. Suna son hasken taga."

Hunturu biyu bayan haka likita ya ce ƙirjin Doreen ba zai ƙara ɗaukar sanyin Iowa ba. Suka sayar wa 'yar Efrain gidan, wadda take aikin jinya, suka koma Arizona, wata unguwar tsofaffi mai katanga da maigadi, inda ba mai zama sai wanda ya kai shekara hamsin da biyar. A can ba wanda ya san shi, kowa kuma da ra'ayinsa da ya zo da shi daga jiharsa. Ya yi wata uku yana zaune a gindin na'urar sanyaya ɗaki kamar marar lafiya.

Sai aka zo zaɓen kwamitin unguwa. Delbert ya tsaya takarar mataimakin shugaba, ya bi gida-gida da keken lantarki, ya ci da ƙuri'a arba'in da ɗaya a kan talatin da takwas. Cikin shekara guda ya kawo dokoki goma sha ɗaya. Jikoki ba sa shiga wurin ninƙaya sai daga ƙarfe biyu zuwa uku. Ba a shanya tawul a baranda. Ƙofar gida kala uku kawai aka yarda da su, dukkansu kalar ƙasa. Kullum da safe yana zagaya unguwa da tef ɗin awo a aljihu, yana auna tsayin shinge, kumatunsa sun ciko, tafiyarsa ta miƙe, sandar ma ya jefar.

A watan jiya ya aika wa wata tsohuwa 'yar shekara tamanin da takwas takardar gargaɗi, saboda ta shafa wa ƙofarta fenti ruwan ɗorawa don ta riƙa gane gidanta. Tsohuwar ta ce ba za ta canza ba, ta ɗauko lauya. Za a zauna a ofishin unguwa ranar Alhamis. Doreen ta ce ita za ta kai matar a mota, shi kuma ya nemi mai kai shi.